Rabon Lahadi a Hawa na Huɗu

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin filin jirgi da koke-koken sallama ba, kowa ya san yadda ake yi. Mu uku muka sauka New York da bizar nan ta ƙuri'a: ni Saude, da maigidana Malam Sani, da wata yarinya 'yar shekara huɗu. Yarinyar nan 'yata ce ta fari, kuma ita kaɗai Allah ya ba ni. Ni 'yar Funtuwa ce, goyon kaka, saboda haka ba na faɗin sunanta. Haka na ga uwata ta yi da yayana har ta koma ga Allah, daga "kai" sai "yaron nan", kuma ban taɓa jin wanda ya ce ba ta son shi ba. Ni ma in zan kira tawa sai in ce "ke", ta juyo.

Zangonmu na farko Harlem ne. Wani ɗan garinmu ya yi ta yi mana alkawarin gida a waya, da muka zo sai ga ɗaki guda a ƙarƙashin ƙasa an raba shi da labule, ana jin tarin maƙwabci kamar a kunnenka yake yi. Na samu aikin kitso a wani shago a titin 125, rabin yini ina tsaye a ƙofa cikin sanyi ina kiran mata masu wucewa. Mai shagon mace ce mai dabara. In kai ya yi kyau ita ta yi, in mai kai ta dawo da ƙorafi to aikin Saude ne. Na haɗiye, na ce ai baƙunta ce, za ta wuce.

Zango na biyu Bronx ne, unguwar Morrisania, inda muka samu ɗan ɗaki namu na kanmu. Malam Sani yana tuƙin tasi, har mun fara ɗaga kai. Ranar wata Laraba zuciyarsa ta tsaya yana zaune a mota yana jiran fasinja. Ba zan tsaya a nan ba, har yau ba na iyawa. Abin da zan faɗa shi ne, wadda ta riƙe ni a lokacin takaba ba 'yar garinmu ba ce. Maƙwabciyarmu ce, Mma Mariya, 'yar zangon Kumasi, mai sayar da atamfa da turare kusa da Fordham Road. Hausarta irin tasu ce, in tana maganar mace sai ta ce "ya zo, ya tafi". Na sha tsokanarta, ita kuma ta ce mu 'yan Najeriya mun cika wahalar da baki.

Ita ta ce mini wata safiya, "Saude, kuka ya isa haka. Je ki yi kwas na kula da tsofaffi, aikin kwana ya fi riƙe mutum. Yarinya ya zauna wurina, ai ni ma uwa ne."

Na yi kwas ɗin, na saki ɗakinmu, na kai kayana da yarinyar gidan Mma Mariya. Daga nan sai zango na uku, wanda ya fi kowanne tsawo, ga shi kuma duk faɗinsa bai wuce ɗaki uku da kicin ba.

Kamfanin da ke tura mu aiki ya kai ni Greenpoint, can Brooklyn, unguwar mutanen Poland. Gida ne a hawa na huɗu, babu lif, matakalar tsukakkiya. Wadda zan kula da ita tsohuwa ce mai suna Halina, amma kowa Babca yake ce mata, wato kaka da harshensu. Ƙugunta ya karye bai haɗu daidai ba, ba ta sauka sai an ɗauke ta. Ita ƙafa ta hana ta fita, ni kuma ita ta hana ni. Duniyata ta zama taga guda da ake hango hasumiyar coci, da warin kabeji mai tsami, da wata jar miya da na daɗe ina zargin jini ce kafin in gane tushen wani ganye ne. Yarjejeniyar ita ce in shiga Litinin da safe, in fita Asabar da yamma, wata mata ta karɓe ni. Daren Asabar da yinin Lahadi nawa ne da yarinyar.

Babca ba ta da sauƙi. Shayi in bai ƙona baki ba, ba shayi ba ne, taga in ta buɗu kaɗan sai ta ce na ɗauko kwangilar kashe ta. Amma akwai abin da na gani a wurinta tun makon farko. A ɗakin da aka ba ni, alƙibla ta faɗo daidai bangon da aka rataye gicciye. Ban ce komai ba, na riƙa shimfiɗa darduma a kicin tsakanin firji da kwandon shara. Rannan ta turo kekenta na marasa lafiya ta same ni a sujada. Da na sallame ta tambaye ni dalili da guntun Turancinta, na yi ta kame-kame, ta dai gane. Ta ce in ciro shi in kai ɗakinta. "Shi ba ya damuwa da wane bango ne," in ji ta, "amma ke me ya hana ki buɗe baki?" Na yi murmushi kawai, don a wurinmu ba a yi wa babba ƙorafi a gidansa.

Ɗanta guda ne, Marek, yana zaune a New Jersey da iyalinsa. Mutum ne mai fara'ar ofis, ko uwarsa gaisuwar baƙi yake yi mata. A bakinsa na fara jin kalmar da ta cinye mini shekaru. Matar da ke karɓata ta bar aiki, sai ya zaunar da ni a teburin kicin, ya ɗora hannu biyu a kai, ya ce, "Saude, mu yi compromise." Ya yi mini bayani a hankali kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya: kowa ya ɗan matsa, a haɗu a tsakiya. Shi yana son in zauna ƙarshen mako duka, ni ina son in tafi duka, to a raba, in kwana Asabar in tafi Lahadi da safe. Har abin ya burge ni, na ce ashe su ma sun san sulhu.

Sai ya ce, "Akwai wani abu muhimmi da kike yi daren Asabar?"

Daren Asabar nake tsefe wa yarinyar kai, in wanke, in shafa mai, mu kwana gado ɗaya ina jin numfashinta a wuyana. To amma ni Saude in buɗe baki in gaya wa namiji baƙo cewa begen 'yata ta fari nake yi? Da wane idon? Na sunkuyar da kai na ce, "Ba komai, ziyara ce kawai."

Bayan 'yan watanni Babca ta ce tana son faston da ke zagaya marasa lafiya ya riƙa zuwa mata Lahadi da safe, dole a yi mata wanka a shirya ta, Marek kuma ba zai iso ba sai azahar. Aka sake zama a teburin nan, aka sake haɗuwa a tsakiya, na koma fita da azahar. Da rani ya zo 'ya'yansa suka fara wasan ƙwallo ranar Lahadi, sai aka koma mako ɗaya in fita, mako ɗaya in zauna. Kowane zama sai ya tambaye ni ko ina da uzuri, ni kuma in ce ba komai. Abin da na lura shi ne tsakiyar nan tafiya take yi. Yau a haɗu a tsakiya, gobe tsakiyar ta zama iyakata, sai a sake neman wata tsakiyar daga nan. Shi bai taɓa tashi daga kujerarsa ba, ni ce nake ta matsowa.

Na ji haushinsa sosai, har na riƙa yi masa Allah ya isa a zuci ina zuba masa shayi. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga inda aka samu bambanci. Sulhun da na sani mutum uku ne. Akwai mai nema, akwai wanda ake nema a wurinsa, akwai kuma gwaggo ko dattijon da ya san cikin kowa. Ke sai ki sunkuyar da kai ki ce ba komai, gwaggo ta ce, "A'a, da komai, yarinyar nan tana da 'ya a wani gida." Kunyarki ta tsira, haƙƙinki ya tsira. A teburin Marek babu gwaggo. Abin da ka ɗora da bakinka shi ake rabawa, wanda ka ɓoye a ƙirji babu wanda ya san da shi.

Lahadin da ta rage mini kuwa jirgin ƙasa ne yake cinye rabinta. Daga Greenpoint zuwa Bronx sai an canja jirgi an sake canjawa, ranar hutu kuma kullum gyaran hanya suke yi. In isa bayan la'asar, in tarar an riga an yi wa yarinyar kitso, kitson 'yan Ghana mai tsinin nan. In ce, "Ke, kin ci abinci?" Ta ce, "Yes." In ce, "Ke, ya makaranta?" Ta ce, "Fine," idonta a waya. Tana jin Hausa sarai, amma ta daina mayar mini da ita. Kafin mu saba da juna magariba ta yi, na fara duba agogo.

Ranar da abin ya fi yi mini ciwo, ina cuɗa wa Babca baya a banɗaki Mma Mariya ta kira. Ta ce, "Saude, yarinyanki ya girma fa. Jiya ya ga al'ada, ya tsorata paa, amma na nuna mishi komai." Na ce na gode, Allah ya saka. Na ajiye wayar, na ci gaba da cuɗa, hawaye na zuba a ruwan wanka. Babca ta waiga ta ce mene ne, na ce sabulu ne ya shiga mini ido.

Da sanyi ya shigo sai Mma Mariya ta zo da maganar da ta tsayar mini da numfashi. Ɗanta ya samu gida a Ohio, za ta bi shi da zarar an yi hutun makaranta. Ta ce in na yarda za ta tafi da yarinyar, can akwai fili, akwai Islamiyya mai kyau, kuma ta tambaye ta, ta ce tana son zuwa. In na bar aiki ba ni da ɗakin da zan sa ta, don gadon da nake kwana ma na Babca ne. In na zauna, za a ɗauke ta zuwa garin da ko a taswira ban san inda yake ba. Na ce wa Mma Mariya Lahadi mai zuwa tawa ce, zan zo mu zauna.

Lahadin ta zo da ƙanƙara. Na shirya tun hantsi, jakata a bakin ƙofa. Da azahar Marek ya kira ya ce hanya ba kyau, ba zai iya zuwa ba, amma mu yi compromise, mako mai zuwa zai ba ni kwana biyu. Kun san abin da na ce? Na ce to. Na ajiye wayar na zauna a bakin gado da mayafina a jiki, ina jin kamar in fasa tagar nan.

Wajen la'asar na ji ana buga ƙofa. Na buɗe sai ga Mma Mariya tana haki, ta dafe ƙirji, tana cewa, "Ei, wannan matakala zai kashe mutum!" A bayanta yarinyar ce, cikin jar rigar sanyi da takalman ƙanƙara, ta kusa kamo ni tsawo. Mma Mariya ta ce, "Tun da ke ba ki zuwa, mu mun zo. Jibi ɗana zai zo da mota, yau za a gama magana."

Babca ta turo kekenta daga falo, ta dube su sama da ƙasa, ta nuna yarinyar da sandarta ta ce, "Wace ce wannan?"

Bakina ya riga ni. Abin da kowace uwa a Funtuwa za ta faɗa shi na faɗa, sai dai da Turanci ya fito. Na ce, "Wata yarinya ce ta gidanmu."

Da Hausa ne, da kowa ya gane, har a yi mini dariya a ce ga mai kunya. Amma na ga fuskar yarinyar ta canja kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta dubi Babca, ba ni ba, ta ce da Turanci, "Ni 'yarta ce. Ba ta son faɗa ne. Ko sunana ba ta taɓa kira ba."

Mma Mariya ta fara cewa al'ada ce, Babca ta ɗaga mata hannu. Ta juyo gare ni ta ce, "Ziyarar da kike zuwa ke nan? Wannan ce ba komai?" Na kasa ɗaga kai. Ta buga sandar a ƙasa har kofuna suka yi ƙara, ta yi wata doguwar magana da harshensu da na tabbata ba addu'a ba ce. Sannan ta ce mu zauna duka.

Ta ce lokacin da ta zo ƙasar nan sharar ofisoshi, Marek yana ɗan shekara shida ta bar shi wurin uwarta a ƙauye. Mijinta ya ce shekara ɗaya ce kawai, a yi haƙuri, kowa ya ɗan rage. Shekarar ta haifi wata, ta sake haihuwar wata. Ranar da ta je tarbar ɗanta a filin jirgi, da gemu ya sauko, ya miƙa mata hannu. "Har yau hannu yake miƙo mini," in ji ta. Ta ce su ma suna da kalmar nan, kompromis suke cewa, amma a garinsu sau da yawa sai sun haɗa ta da kalmar "ruɓaɓɓe", don sun sha ganin irin wanda mutum ɗaya ne yake biya. Akwai wata kalmar kuma, zgoda, ita ce idan an tashi daga tebur babu mai kuka a banɗaki. Ta harare ni ta ce, "Sabulu ko?"

Ta sa na kira Marek, na buɗe muryar wayar na ajiye a teburin nan na kicin. Ban ji abin da suka ce ba, da harshensu aka yi, amma na ji muryarsa tana hawa tana sauka, na ji ya ambaci kamfani, na ji ta ambaci ƙauyensu. Ina zaune kaina a sunkuye kamar kullum, sai na gane yau akwai gwaggo a teburin, farar tsohuwa mai carbi da karyayyen ƙugu.

Da ya dawo Turanci muryarsa ta yi laushi. Ya ce gidan na uwarsa ne, tana da ikon saukar da baƙuwa. Akwai ɗan ɗakin da keken ɗinkinta yake, yarinya za ta iya zama a ciki, akwai makaranta a bayan layi. Amma in haka ne, shi ba zai sake neman mai karɓata ba, kuma ba zai ɗaure kansa da zuwa ba. Wato Lahadi ta tafi gaba ɗaya, babu Bronx, babu masallacinmu, babu inda zan ji Hausa sai a waya. Zan zauna a hawa na huɗu har ranar da Allah ya yi wa Babca kira. Ya ce, "Kin yarda, Saude?" Wannan karon na san abin da nake bayarwa da abin da nake karɓa. Na ce na yarda.

Sai dai an yi ciniki ba a tambayi mai kaya ba. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa, ko zif ɗin rigarta ba ta zuge ba. Ta ce ita Ohio za ta tafi. Ta ce wurin Mma Mariya ta san ana son ta, a nan kuwa ba ta san ko ita wace ce ba. Mma Mariya ta share ido da gefen gyale ta ce, "Ni ba na raba uwa da ɗa, amma ba na tilasta mishi."

Babca ta dubi yarinyar ta ce, "In za ki zauna a gidana sai na san sunanki." Mma Mariya ta buɗe baki, Babca ta nuna ta da sanda. "Ba ke ba." Su uku suka zuba mini ido.

Na tuna uwata, na tuna kakata da ta ce mace mai kiran sunan ɗan fari ba ta da ta ido. Na ji kamar duk matan gidanmu suna tsaye a bayana suna kallo. Sunan nan shekara goma sha ɗaya yana cikin bakina, ina faɗinsa a sujada, ina faɗinsa a zuci a cikin jirgin ƙasa, amma iska ba ta taɓa jin sa daga gare ni ba. Ban dubi Babca ba, yarinyar na duba.

Na ce, "Rukayya."

Ta daɗe tana kallona. Na jira "yes" ɗin nan da na saba.

Ta ce, "Na'am."

Sannan ta durƙusa ta fara kwance igiyar takalmanta.